Hancin Kawu

Kawu ya rasu a kakar da ta biyo bayan daminar nan mai yawan ruwa, wadda ta kayar da katangu a Tasawa har wasu suka koma kwana a ɗakunan lekol, makarantar boko. Ba a gama yankan hatsi ba. Ranar Laraba da hantsi matar babban ɗansa ta kai masa koko a ɗakinsa na zaure, ta yi sallama sau uku ba a amsa ba. Yana zaune ya jingina da bango, carbi a hannu, jikinsa bai gama sanyi ba.

Masu gaisuwa iri biyu ne suka zo. Akwai abokan aikin ɗansa, ma'aikatan buro, wato ofis, da motoci da fararen kaya. Suka yi addu'a, suka shafa, suka duba agogo. Akwai kuma matan kasuwa. Su ba a aika musu ba, labari ne ya iske su. A kwana na biyu amalanke biyu suka tsaya a ƙofar gida, ɗaya daga Kona, ɗaya daga wajen Hawandawaki, cike da tsofaffi masu sayar da daudawa da kuka da man gyaɗa. Wata mai daudawa, wadda ta girmi Kawu ma, ta ƙi shiga cikin gida. Ta zauna a ƙasa bakin zaure ta ce, "Nan zan yi gaisuwata. Shekara huɗu duk ranar kasuwa ina ware mishi ta farkon kwando, ko zai zo. Bai zo ba."

A maƙabarta kuwa, muna cikin zuba ƙasa, na ji mutum biyu a bayana.

"Wanga shi ne tsohon nan mai wake?"

"Shi ne."

"Allah shi gafarta mishi. An ce fa ya ji warin maganin, ya ce a dafa."

"Kuma shi bai ci ba."

Na ji su sarai, ban juya ba. Abin da suka faɗa shi ne abin da ɗansa na cikinsa ya riƙe a zuciya shekara huɗu, kuma ba haka abin ya faru ba. Mutum biyu ne suka san yadda ya faru. Ɗaya mun rufe shi a ranar. Ɗayan ni ne, ɗan ƙanwarsa, wanda ya yi shekara tara yana ɗaukar sa a moto, wato babur, zuwa kasuwanni. Da girmana na shiga karatun manya, hannuna ba shi da sauri. Zan rubuta a hankali, yadda na gani.

Kawu manomi ne a wani ƙauye kusa da Kona. Da matarsa ta rasu, gwiwoyinsa kuma suka ƙi noma, babban ɗansa ya dawo da shi gidansa a Tasawa. Ni Yaya nake kiran wannan ɗa, ko da yake abokin wasana ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo. Kawu kuwa ba ya faɗin sunansa, don ɗan fari ne. "Mutumin buro" yake ce masa.

Wata biyu Kawu ya yi a zaure ba aikin yi, yana ramewa. Wata safiya ya aika aka kira ni. Ya ce, "Shofer, moton nan taka tana iya yashi?" Na ce tana iyawa. Ya ce, "To gobe kasuwar Kona. Mutanen gidan ga suna cin abin da ba su san uwarsa ba."

Daga ranar cefanen gidan ya koma hannunsa. Kona, Hawandawaki, Mayahi, wani lokaci har Kanan-Bakashe in jikinsa ya yarda. Ba ya karyawa kafin mu tafi, wai ciki in ya cika hanci yana barci. Ba ya shan taba, ba ya cin goro ranar kasuwa. In na sha esansi, man moto, a bakin hanya sai ya sauka ya tsaya can nesa, ya toshe hanci da bakin rawani, kuma bai taɓa yarda a rataya buhun abinci kusa da tanki ba. Ganye yakan naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, man shanu kuwa a cinyarsa yake riƙe shi har gida.

A kasuwa ba ya gaggawa. Zai tsuguna gaban tire, ya fara tambayar mai kaya lafiyar gida da ta dabbobi, sannan ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya murza, ya rufe ido ya sansana. Daga nan zai faɗi abin da ya ji. Wannan kukar a inuwa aka shanya ta, waccan a rana. Wannan man gyaɗar na shekaranjiya ne. Wannan nonon an wanke ƙwaryarsa da ruwan rijiya mai kanwa. Mata sukan yi dariya su ce, "Baba, kai kana gidanmu ne muka yi?" Bai cika kuskure ba. Har ta kai in gardama ta tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa sai a ce a kira tsohon Tasawa ya sansana.

Yana da ka'idoji biyu da yake maimaita mini a hanya har na haddace. Ta farko, kada ka sayi abin ci wurin wanda ba za ka iya samun gidansa ba. Ta biyu, in ka ga wake a bazara ba huda ko ɗaya a jikinsa, ka sansana shi sau biyu. Ya ce akwai masu ajiye wake cikin toka ko yashi, akwai masu buhu mai leda a ciki, waɗannan lafiya lau. Akwai kuma masu zuba masa maganin ƙwari don ya kai lokacin tsada, kuma wannan maganin yana da ɗan wari kamar na kananzir, wanda ba kowa ke kula da shi ba.

Wata rana a Hawandawaki ya sansana man gyaɗar wata yarinyar mata, mai goyo. Ya daɗe da kwalbar a hanci. Mutane sun fara taruwa. Sai ya ce da ƙarfi, "Mai kyau ne, zan dawo in na zagaya." Da aka watse ya koma, ya tsuguna kusa da ita, ya yi ƙasa da murya. "Ɗiyata, kin haɗa shi da man kanti na jarka. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Mi ya faru?" Ta fashe da kuka, ta ce gyaɗarta ta ƙare, mijinta ya tafi Libiya ba labari. Mako na gaba ya sa na ɗauko tsohuwar gyaɗar da ƙanensa ya aiko masa daga ƙauye, rabin buhu, muka sauke mata a bayan rumfa. Bai sake tayar da maganar ba. Tana cikin matan da suka zo a amalanke.

Rigimarsa da Yaya a kan babban kanti ce. An buɗe irin kantin nan da ake kira alimantasiyon, mai firigo na sanyaya kaya da fitilu, inda mutum ke ɗaukar kaya da kansa ba ciniki. Yaya yana son wurin. Ya ce akwai tsabta, ba ƙuda, kome da kwanan watansa a jiki. Wata Juma'a ya shigo da kaza daskararriya cikin leda, da gwangwanayen tomati da sardin. Kawu ya karɓi kazar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta a bango kamar dutse.

"Mutumin buro, wa ya yanka ta?"

"Baba, an rubuta a jiki an yanka ta yadda addini ya ce."

"Wa ya rubuta? Ɗan gidan wa ne? A wace shekara ta mutu?"

"Baba, duniya ta ci gaba. Ku kuna zuwa kuna kwaso mana ƙura da ƙudaje."

"Ƙudan na gan shi da idona, na kore shi. Wanga abu kuwa ko wari ba shi da shi. Abin da ba shi da wari yaya za a yi a tambaye shi?"

Na sa baki na ce, "Kawu, bar bawan nawa. Tun da ya fara sa takalmi mai igiya ya manta ɗanɗanon tafasa." Yaya ya jefe ni da hularsa ya ce, "Ji mai warin esansi. In ba don Baba ba wa zai bar ka ka shigo gidan mutane?" Aka yi dariya. A lokacin rigimar ba ta wuce nan ba. Kazar aka ci, Kawu ya ci tuwonsa da miyar kuka.

Yaya yana da ɗiya guda, bayan jira mai tsawo. Shekararta shida. Kawu yana kiran ta amarya, ita tana kiran sa tsohon miji. Duk ranar kasuwa tana bakin zaure tana jiran ƙarar moto. Takan ce, "Tsohon miji, mi ka kawo mini? In ba kome sai ka sake ni." Shi kuma ya zaro goriba ko magarya daga aljihu ya ce, "Amarya mai kwaɗayi, za ki tsiyata ni." Ita kaɗai ce yake bari ta sa hannu cikin buhun cefane kafin ya miƙa cikin gida.

A shekarar da aka sa mutane rufe hanci da ƙyalle saboda cutar tari, Kawu ya yi wata mura mai nauyi da zazzaɓi. Kwana goma yana kwance. Ya tashi, muka koma kasuwa kamar da.

A hanyar Mayahi na fara ganewa. Tiyon moto ya tsage, esansi ya jiƙa mini wando har ni kaina ina jin jiri. Kawu yana bayana yana ba ni labarin farashin akuya, bai ce kome ba. A kasuwa na zuba masa ido. Ya tsuguna, ya murza, ya rufe ido, ya sansana, duk yadda ya saba. Sai ya yaba wani man shanu da ni daga tsaye nake jin ya fara lalacewa. A hanyar dawowa na tsaya ƙarƙashin wani gawo na kashe moto.

"Kawu, hancinka lafiya?"

Ya ce, "Tun ciwon nan. Ko daudawa aka sa mini, kamar ƙasa."

"To mu faɗa a gida."

"A faɗa a ce mi? A mayar da ni zaure in zauna ina kallon bango? Zai dawo, mura ce. Idona yana gani, hannuna yana ji, mutanena kuma na san su. Ka rufa mini asiri, ɗan ƙanwata."

Bai taɓa roƙona kome ba. Na ce to. Daga nan nakan tsaya kusa da shi, in abu bai yi mini ba sai in yi tari, shi kuma ya ajiye ya ce a bari sai wani mako. Wata biyar muka yi haka, ba wanda ya gane. Har na fara jin daɗin dabarar.

Bazara ta yi nisa, wake ya yi wuya. Ranar wata kasuwar Kona, muna shirin fita, ɗiyar Yaya ta riƙe masa riga ta ce ɗanwake take so, kuma in bai kawo wake ba ta fasa auren. Ya ce, "Ko a ƙarƙashin ƙasa yake zan tono miki."

Matar da ya saba sayen wake wurinta ta ce nata ya ƙare tun watan jiya. Muka zagaya, duk wanda muka gani ƙwari sun cinye shi, sai gari. Can bakin kasuwa, inda manyan motoci ke tsayawa, wani baƙo ya buɗe buhu. Wake fari tas, manya, ba huda ko ɗaya. Ba mu san mutumin ba, ba wanda ya san garinsu. Ni a lokacin na tafi neman mai faci, tayar baya ta sace. Da na dawo Kawu ya riga ya sayi tiya biyu, an ɗaure cikin leda. Ya ce, "Na sansana sau biyu, don mutane suna kallo." Ya yi ƴar dariya. Na yi niyyar in kwance in duba, sai hadari ya taso daga gabas, muka yi sauri.

A gida matar Yaya ta kwance ledar a tsakar gida. Ina tsaye bakin ƙofa ina shan ruwa. Ta ɗebo, ta kai hanci, ta ɗan yamutsa fuska.

"Baba, waken ga kamar shina da ɗan wari."

Kawu ya karɓa. Ya murza, ya rufe ido, ya sansana. Ya buɗe ido ya dube ni. Ni ma na dube shi. Tsakanina da waken taku biyar ne. Da na matsa na sansana a gabanta, da ta gane ana duba aikin Kawu, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Na tsaya inda nake, kofi a hannu. Ban yi tari ba, don ban ji kome ba daga nesa.

Kawu ya ce, "Warin buhu ne."

Ta ce, "To, Baba. Tun da kai ka faɗa."

Ta fi yarda da hancinsa a kan nata. Duk gidan haka muke, duk kasuwannin nan ma haka suke.

Da dafa shi aka yi da shinkafa, da an wanke shi, an zubar da ruwan fari. Amma ɗanwake a bushe ake kai waken inji, a niƙa shi da ɓawonsa. Washegari Alhamis ce, Kawu yana azumin da ya saba. Yaya yana buro. Uwar ta ci kaɗan, yarinyar ta ci kwano guda ta nemi ƙari, ta kai wa kakanta loma har zaure tana tsokanar sa, ya ce ta ajiye masa sai an sha ruwa.

Kafin azahar aka kira ni. Na iske uwar tana amai a bakin rariya, yarinyar kuwa a cinyar Kawu, jikinta yana rawa, gumi ya jiƙa ta, yawu yana zuba. Ni na ɗauke su a moto zuwa gidan likita, Kawu yana rungume da ita a bayana, yana ta kiran "amarya, amarya". Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu. Uwar ta tashi bayan kwana uku. Yarinyar ba ta kai la'asar ba.

Da aka kawo sauran garin waken, Yaya ya buɗe ledar a gaban mutane. Warin ya bugi kowa. Ya juya wurin ubansa, muryarsa ba ta ko tashi ba.

"Baba, kai da kake jin ruwan da aka wanke ƙwarya da shi. Wanga ne ba ka ji ba?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ta faɗa maka shina wari. Ka ji, ka ce a dafa. Don kada a ce kayan kasuwarka ba su da kyau. Don kada in ci gardama."

Na buɗe baki. Kawu ya damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Bayan sadakar uku na same shi shi kaɗai. Na ce zan faɗa wa Yaya cewa hancin ya mutu tun kafin ranar, bai ji kome ba. Ya ce, "In ka faɗa, tambaya ta gaba mi ce? Zai ce, kai da kake tare da shi kullum, ka sani? Kai kuma ba ka iya ƙarya ba. Yanzu ya rasa ɗiya ya rasa uba. Kana so ya rasa ɗan'uwa kuma? Wa zai shigo gidan ga ya sa shi dariya? Bar shi da ni. Ni na saya, ni na ce warin buhu ne. Wanga kaɗai ya ishe ni, kuma gaskiya ne." Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba yana da rai. Ban sani ba ko don ni kaɗai ya yi haka, ko har da kunyar a san shekarunsa na ƙarshe a kasuwa wasa ya yi. Wataƙila duka biyun. Abin da na sani shi ne na karɓi alkawarin da sauri, kuma na ji sanyi a raina da na karɓa.

Mun koma Kona neman baƙon. Ba wanda ya sake ganin sa.

Yaya bai kori ubansa ba, bai rage masa kome ba. Ya dai kafa doka: ba abin da zai sake shiga tukunyar gidan in ba daga kanti ya fito ba, a rufe, da rubutu a jiki. Kuma ya daina cin abinci a zaure. A da kwano ɗaya suke ci, uba da ɗa, in ina nan mu uku. Daga ranar ake kai wa Kawu nasa shi kaɗai. Gaisuwar safe ba ta yanke ba. "Baba, an tashi lafiya?" "Lafiya lau." Daga tsaye Yaya ke yin ta, hannu a kan moto.

Na sha iske Kawu da makaroni da sardin a gabansa, ko kazar firigo. Yana ci a hankali har ya cinye. Bai sake tambayar wa ya yanka ba. Wata rana na ce, "Kawu, in kawo maka zogale a ɓoye?" Ya ce, "Kada ka shigo da kome gidan ga. Ni duk ɗaya ne a bakina."

Bai sake taka kasuwa ba. Matan sukan tare ni su ce ina tsohonmu, in ce gwiwa ce. Sau ɗaya, a shekara ta uku, matar Yaya ta sayi yakuwa wurin mai talla, mijinta ba ya nan. Ta kawo zaure, ta durƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu ta ce, "Baba, duba mini." Ina ganin sulhu take nema. Ya dubi ganyen ya daɗe. Ya ce, "Ɗiyata, ki sansana da kanki. Abin da kika ji shi ne." Ta koma ciki da yakuwarta, na ji tana kuka.

Ni kuwa ina shiga gidan kamar da. Ina kiran Yaya bawana, wani lokaci har ya yi murmushi. In na fito sai in wuce ta zaure, Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Ya yi dariya?" In na ce ya yi, sai ya ce, "Madalla."

Ranar sadakar bakwai ta Kawu, bayan an watse, ana naɗe tabarmi, na ce wa Yaya ina da magana, kuma ina so matarsa ta ji. Muka zauna a ɗakin zauren. Na faɗa musu tun daga hanyar Mayahi har zuwa kofin ruwan da ke hannuna. Ban rage kome ba.

Matar ce ta fara magana. Ta ce, "Ashe ni kaɗai na ji shi." Ta tashi ta fita.

Yaya ya daɗe yana kallon tabarmar da ubansa ke kwana a kai.

"Bai ji ba?"

"Bai ji ba, Yaya. Wata biyar kafin nan ba ya jin kome."

"Kai kuma kana tsaye."

"Ina tsaye."

"Shekara huɗu ina wucewa ta ƙofar ga. Kullum in na gan shi sai in ce a raina, wanga mutum ya ji warin ya ba ɗiyata. Sau nawa ya matsa mini wuri a tabarma, in yi kamar ban gani ba." Ya share fuska da hannun riga. "Da ka bar ni da abin da na sani, da na iya ɗauka. Yanzu ina zan same shi?"

Ya tambaye ni wace kusurwa ce kabarin, don ranar jana'iza bai ɗaga kai ya duba ba. Na ce zan kai shi. Ya ce a'a, in kwatanta masa kawai. Na kwatanta. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira ni da sunana na yanka, wanda bai taɓa kira na da shi ba tun muna yara. Ya ce, "Ban ce kada ka zo gidan ga ba. Amma ba yanzu ba."

Wata bakwai ke nan ban shiga ba. An ce mini yana zuwa maƙabarta duk Juma'a bayan masallaci. An ce matarsa ce ke cefane yanzu, da ƙafarta, kuma ba ta tambayar kowa.

Kawu ya yi kuskure, bai taɓa musu ba. Ya saya wurin wanda bai sani ba, ya faɗi abin da bai ji ba. Amma bai ji warin ya ce a dafa ba, kuma azumi ne ya hana shi ci. Duk wanda ya karanta wannan ya faɗa wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya jiƙan sa, ya haɗa shi da jikarsa a inda ba a tambayar kowa laifin da ya riga ya yi kuka a kansa.

Abin da muka rasa ga shi. Yarinya ɗaya, mai shekara shida. Tsoho ɗaya. Shekara huɗu da uba da ɗa ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Abokin wasa ɗaya, yana da rai, unguwa biyu tsakaninmu. Duka a kan wake tiya biyu da taku biyar da ban yi ba.